Babi na Shida: “Qualify” da Wutsiyarta ta Latin

A ƙarshen kowace shekarar kasuwanci, kamfanin da ke da masu hannun jari yakan miƙa littattafan kuɗinsa ga odita daga waje. Oditan ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya, ya duba takardun banki, ya shiga sito ya ƙirga kaya, sannan ya rubuta ra'ayinsa a shafi ɗaya ko biyu. Idan manajan kuɗi ya buɗe takardar ya ga an rubuta “qualified opinion” a samanta, gabansa faɗuwa yake yi. Abin da ya kwana yana addu'ar gani shi ne “unqualified opinion”. Duk wanda ya koyi Turanci a aji zai zaci an juya zancen ne, domin abin da aka koya mana shi ne “qualified” yabo ne, ana faɗinsa ga likita mai lasisi da malami mai takardar koyarwa. Amma a bakin odita ma'anarsa ita ce: lissafin nan ya yi daidai, sai dai a wuri kaza. Za ka tarar da sakin layi guda yana cewa ba a ba mu damar ƙirga kayan da ke siton wani reshe ba, saboda haka ba za mu iya tabbatar da adadin da aka rubuta ba, amma in ban da wannan sauran lissafin ya inganta. Wannan “in ban da” ɗin kaɗai ya isa ya sa banki ya ɗaga ƙafa wajen ba da rance. “Unqualified” kuwa wankewa ce tas, babu togaciya. Ƙa'idojin binciken kuɗi na duniya a yanzu sun fi amfani da “unmodified” a nan, amma tsohuwar kalmar ba ta bar bakin masu sana'ar ba.

Haka abin yake a wajen ofis ma. Bature in ya ce “unqualified teacher” ya kushe malamin, in ya ce “unqualified success” ya kai maƙura wajen yabon aikin. Ɗalibai da yawa sukan haddace wannan a matsayin ɗaya daga cikin rikice-rikicen Turanci da ba su da dalili. Alhali akwai dalili, kuma wanda ya gane shi ba zai sake ruɗewa ba. Sai dai gano shi yana buƙatar a koma Rum, a kuma leƙa Girka.

Kalmar “qualify” gida biyu ce aka haɗa. Gabanta “qualis” ne, kalmar tambaya a harshen Latin mai nufin “wane iri?” Kalmomin tambaya a Latin kusan duk da “qu” suke farawa: “quis” wa, “quid” me, “quando” yaushe, “quantus” yaya girmansa. Takwarorinsu na Ingilishi, wato “who” da “what” da “when”, kakansu ɗaya da su, furucin ne ya sauya a hanya. To daga tambayar “wane iri?” aka samu sunan da muka sani da “quality”, kuma wannan suna yana cikin 'yan tsirarun kalmomin da tarihi ya riƙe sunan wanda ya ƙera su.

Aflatun ne ya fara, a harshen Girka. A littafinsa Theaetetus ya ɗauki “poios”, wato “wane iri”, ya mayar da ita suna, “poiotes”, har ya sa Sokratis ya yarda a gaban abokin hirarsa cewa kalmar baƙuwa ce a kunne. Ɗalibinsa Aristotal ya zo ya jera fuskoki goma da ake iya bayyana kowane abu da su, irin su ainihinsa da yawansa da wurinsa da lokacinsa, ya sa wannan a cikinsu. A shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sisero, shahararren lauya kuma ɗan siyasar Rum, yana zaman makokin 'yarsa Tuliya, siyasa kuma ta kuɓuce masa tun da Kaisar ya mamaye mulki. Sai ya duƙufa ga rubuta falsafar Girkawa da Latin. Da ya iso kalmar “poiotes” bai samu kwatankwacinta a harshensa ba, sai ya yi abin da Aflatun ya yi: ya ɗauki “qualis” ya ƙera “qualitas”. Shekaru kusan 900 bayan haka, a Bagadaza, lokacin da su Is'haƙ ɗan Hunain suke mayar da littattafan Aristotal zuwa Larabci, hanyar nan dai aka bi. Daga “kaifa” aka samu “kaif” da “kaifiyya”, daga “kam” aka samu “kammiyya”. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya ji ana bayanin kaifiyyar alwala ko kaifiyyar sallar gawa, ya riga ya san 'yar'uwar “quality” tun kafin ya shiga ajin boko. Abin yana burge ni ƙwarai: harsuna uku, zamani uku, kowanne ya ɗauki tambaya ya mayar da ita suna.

Sai wutsiyar, wato “-fy”. Haruffa biyu ne kacal, amma ragowar ɗaya ne daga cikin manyan aikatau na Latin, “facere”, mai nufin yi, aikata, ƙera. Daga gare shi Ingilishi ya samu “fact”, abin da aka aikata, da “factory”, wurin ƙira. Latin yana da wata ɗabi'a: idan aka liƙa wannan aikatau a bayan wata kalma, wasalin “a” yakan raunana ya koma “i”. Don haka “purus”, mai tsabta, in an haɗa shi da “facere” sai a samu “purificare”, mayar da abu mai tsabta. Rumawan dā suna da irin waɗannan kalmomi, amma malaman Kirista ne suka yawaita su. A fassarar Baibul ta Latin da Jerom ya yi tsakanin shekarar 382 da 405 za ka yi ta cin karo da “sanctificare” da “glorificare” da “justificare”, wato tsarkakewa da ɗaukakawa da baratarwa. Malaman jami'o'in Turai na tsakiyar zamani, waɗanda da Latin suke karatu da muhawara, su suka gaji wannan ma'aikata, kuma a hannunsu “qualificare” ta fito. Babu ita a Latin ɗin Sisero.

A bakin Faransawa “-ficare” ta zaizaye ta koma “-fier”. Bayan Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi, “-fier” kuma ta ƙara gajarcewa ta zama “-fy”. “Qualify” ta bayyana a rubutun Ingilishi a ƙarni na 15. Sunan da ke tafiya da aikatau ɗin shi bai zaizaye ba, ya tsira da harafin “c” ɗinsa. Shi ya sa ake cewa “qualify” amma “qualification”, “purify” amma “purification”. Akwai 'yan kaɗan da suka riƙe “a” ta asali, kamar “satisfy” da “satisfaction”, ko “liquefy” da “liquefaction”. Akwai kuma baƙi a cikin dangin da suka shigo saboda kama kawai: “defy” daga kalmar amana ta fito, “crucify” kuma daga kalmar kafewa da ƙusa. Da tafiya ta yi nisa sai Ingilishi ya mallake wutsiyar ya shiga liƙa ta inda ya ga dama, daga “beautify” a ƙarni na 16 da “electrify” a ƙarni na 18, har zuwa sunayen kamfanoni irin su Spotify da Shopify. Mu ma “facere” ya iso bakinmu ba tare da mun lura ba. Yana cikin satifiket, takardar da ke mayar da abu tabbatacce, yana kuma cikin ofis, wanda asalinsa haɗin “aiki” ne da “yi”.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan aikin da wannan wutsiya ke yi, domin yana da tasa. Daga sabo muna da sabunta, daga gaskiya gaskata, daga ƙarya ƙaryata, daga fari faranta, daga inganci inganta. Idan ka ɗauki siffa ka yi mata haka sai ka samu siffanta, kuma wannan ita ce ma'anar “qualify” ta farko: a ba abu siffa, a faɗi ko wane iri ne. Ma'anar tana nan a littattafan nahawun Turanci, inda ake cewa “adjective” yana “qualify” ɗin suna, kamar yadda almajirin Ajurumiyya ya san na'ati yana bin man'utinsa.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne asirin takardar odita yake. Duk siffar da ka ƙara wa abu, ka rage masa faɗi. In na ce “doki”, duk dawakin duniya sun shiga. In na ce “farin doki”, na kore baƙaƙe da jajaye. In na ce “farin dokin sarki”, saura ɗaya ko biyu. Malaman usulul fiƙihu sun daɗe da sanin wannan a babin muɗlaƙi da muƙayyadi, wato hukuncin da aka sake shi da wanda aka ɗaure shi da sharaɗi, kuma daga wannan tushe na Larabci muka samu “ƙayyade”. Tun a ƙarni na 16 Turawan Ingila suka fara amfani da “qualify” da wannan nufi na ƙayyadewa da sassautawa. A wasan Othello na Shakespeare, da ita Kasiyo ya bayyana cewa an surka masa giyarsa da ruwa. Surka abin sha da wannan kalma ya tsufa, amma surka magana yana nan daram. Wanda ya yi “qualify” ɗin maganarsa ya ƙara mata “amma” ko “galibi” ko “in dai”. A Tarayyar Turai akwai “qualified majority”, rinjayen da bai isa a ce rabi da ɗaya ba, sai an samu kashi 55 cikin ɗari na ƙasashe, waɗanda kuma suka ƙunshi kashi 65 cikin ɗari na jama'ar tarayyar. A Amurka akwai “qualified immunity”, kariyar da Kotun Ƙoli ta fara bai wa 'yan sanda a 1967, wadda take da iyaka, ba kamar ta alƙalai ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi ƙwarewa ko takardar makaranta.

Ɗaya reshen shi ne wanda ya fi shahara a yau. In za a iya ba abu siffa, to za a iya ba mutum siffar da wani muƙami yake nema. Nan ma ƙayyadewar ce, ta wata fuska: da zarar an ce ga irin mutumin da zai shiga, an riga an faɗi irin wanda zai tsaya a waje. Rariya ce, aikin da take yi na sakin gari shi ne dai aikin da take yi na riƙe tsaki. Tambayar da ta dace a yi kullum ita ce wa ya saƙa rariyar, kuma me ya sa ya yi idanunta haka. Tarihin Ingila, gidan da kalmar ta girma, cike yake da amsoshi.

A 1430 majalisa ta yi doka cewa a gundumomin karkara babu mai jefa ƙuri'a sai wanda ya mallaki ƙasar da ke kawo masa aƙalla sule 40 a shekara. A 1711 aka ɗora wani sharaɗin a kan masu neman kujerar kanta: mai son wakiltar gunduma sai yana samun fam 600 a shekara daga ƙasa, mai son wakiltar gari fam 300. Manufar a fili take, masu gonaki ne ke son tare wa attajiran birni hanya. Su kuwa 'yan takara suka gano dabara. Aboki ko lauya ya rubuta maka takardar mallakar gona dab da zaɓe, ka rantse a kanta, bayan zaɓe ka mayar masa da abinsa.

Sharaɗin da ya fi ɗaga hankali shi ne na addini. Dokar Gwaji ta 1673 ta ce duk mai riƙe da muƙamin gwamnati ko na soja sai ya yi rantsuwar biyayya, ya yi watsi da wata aƙida ta Katolika a rubuce, sannan ya je cocin Ingila ya karɓi jibin Ubangiji bisa tsarinta. Ba a nan aka tsaya ba. Sai ya karɓo takardar shaida mai sa hannun limamin cocin da wakilin ikilisiya, ya kai ta kotu tare da shaidu biyu da za su rantse sun gan shi da idonsu yana karɓa. Dubban irin waɗannan takardu suna nan a ajiye a gidajen adana tarihi na Ingila. Ƙanin sarki kansa, Yakubu mai sarautar York, wanda ya koma Katolika, sai da ya ajiye shugabancin rundunar ruwa a wannan shekara. Waɗansu kuwa da ba mabiya cocin ba ne sukan daure su je sau ɗaya don su samu takardar, ranar Lahadi mai zuwa su koma majami'arsu. Abin da mutanen zamanin suke kiran wannan zuwa shi ne mutum ya yi “qualify” ɗin kansa. A duba fa: ibadar da masu ita suke ɗauka mafi tsarki, an mayar da ita takardar neman aiki. Masu tsoron Allah a cikin cocin da wajenta sun yi ta kuka da wannan, amma sai a 1828 aka soke sharaɗin, Katolika kuma suka samu tasu sa'idar a 1829.

Akwai wani sauyi na nahawu da ya faru a hankali cikin waɗannan ƙarnoni, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. Da farko aikatau ɗin yana buƙatar mai yi da wanda aka yi wa, kamar yadda wutsiyarsa ta nuna: dukiya ce ta mayar da wane mai haƙƙin zaɓe, doka ce ta mayar da shi mai haƙƙin muƙami. Daga nan aka koma cewa mutum ya yi wa kansa. A ƙarshe sai aka yar da komai, aka bar “he qualified” tsurarta, kamar wani abu ne da ya tsiro daga jikin mutumin. Wanda ya kafa sharaɗin ya ɓace daga jimlar. Mai sauraro in ya ji an ce wane bai yi “qualify” ba, hankalinsa yana tafiya ne ga gazawar wane, ba ya tuna cewa waɗansu mutane ne suka zauna a ɗaki suka yanke inda layin zai bi.

Shekarar 1858 ta cancanci a tsaya a kanta. A cikinta majalisar Birtaniya ta soke sharaɗin mallakar ƙasa ga 'yan majalisa, ɗaya daga cikin buƙatu shida da ƙungiyar ma'aikata ta Chartist ta gabatar tun 1838. A cikinta kuma aka yi Dokar Likitoci, wadda ta kafa majalisar kula da aikin likita da rajista guda ta ƙasa, don jama'a su iya bambance mai takarda da marar ita. Ma'aunin yana tashi daga gona yana komawa jarrabawa. Shekaru huɗu kafin nan rahoton Northcote da Trevelyan ya ba da shawarar a riƙa ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa maimakon alfarma, kuma a 1870 aka buɗe gasar ga yawancin ma'aikatu. Daga wannan zamani ne “qualification” ta ɗauki ma'anar da muka fi sani, ta takardar da ake liƙawa a bayan wasiƙar neman aiki. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ba na cikin masu raina shi. Kafin rajistar, marar lafiya ba shi da hanyar sanin ko mai riƙe da wuƙar tiyata ya taɓa koyon aikin. Ɗan talaka kuma ya fi samun sarari a zauren jarrabawa fiye da a layin gadon gona.

Sai dai labarin Elizabeth Garrett ya nuna cewa sabon ma'aunin ma hannun mutane ne ke riƙe da shi. An haife ta a 1836, ta ƙudurta zama likita a lokacin da babu makarantar likitanci a Birtaniya da ke ɗaukar mata. A 1860 ta shiga wani asibitin London a matsayin mai jinya, tana sauraron darussa a gefe, tana zuwa ɗakin fiɗa. Da ɗalibai maza suka ga tana amsa tambayoyin da suka gagare su, sai suka rubuta takardar koke, aka hana ta shiga aji. Jami'o'i suka mayar mata da takardunta ɗaya bayan ɗaya. Can sai aka lura cewa dokar Ƙungiyar Masu Haɗa Magunguna ta London, wadda lasisinta ya isa a sa mutum a rajistar likitoci, ba ta ware mata ba. Ta biya malamai suka koyar da ita a keɓe har ta cika duk darussan da ake nema. Ƙungiyar ta so ta zille, mahaifinta ya yi barazanar kai su kotu, suka bari ta zauna jarrabawa. A 1865 ta ci. Abin da ƙungiyar ta yi bayan haka shi ne ta gyara ƙa'idarta, ta ce daga yanzu ba a karɓar karatun da aka yi a keɓe, sai na makarantar da aka amince da ita, makarantun nan kuwa ba sa ɗaukar mata. Matan da suka biyo bayanta ba su fi ta ƙarancin basira ba, amma a takarda sun zama “unqualified” ba tare da sun faɗi ko da tambaya ɗaya ba. Ita kanta sai da ta koyi Faransanci ta je Paris ta samo digirin likita a 1870, kuma sai a 1876 majalisa ta yi dokar da ta bai wa hukumomin jarrabawa damar ba mata lasisi. Sunayen dokokin da suka biyo baya ma suna ɗauke da kalmar: ta 1918 da ta ba mata damar tsayawa takarar majalisa da “qualification” aka raɗa mata suna, ta 1919 da ta buɗe musu aikin lauya kuma da “disqualification”, wato kawar da hanin da aka yi musu saboda jinsi.

Kalmar ta biyo Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka, da ma'aunin kuɗinta. Tsarin mulkin Clifford na 1922, wanda ya kawo zaɓen farko na majalisar dokoki a Nijeriya, kujeru huɗu kawai ya ware, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma mai jefa ƙuri'a sai namiji baligi mai samun fam 100 a shekara. Arewa ba ta ma cikin lissafin, gwamna ne ke yi mata doka kai tsaye. Har yau da wannan kalma tsarin mulkin 1999 yake magana. Sashe na 131 ya ce mutum ya zama “qualified” ya nemi shugabancin ƙasa idan ɗan ƙasa ne ta haihuwa, ya kai shekarun da aka yanka, jam'iyya ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu aƙalla zuwa matakin takardar sakandare ko makamancinta. Babu maganar gaskiya ko hangen nesa ko tausayin talaka a cikin jerin, kuma ba laifin sashen ba ne, domin doka abin da za a iya kawo wa shaida a kotu kawai take iya nema. Shekarun da aka yanka ɗin 40 ne har zuwa ranar 31 ga Mayu, 2018, lokacin da aka sa hannu a kan gyaran da matasa suka yi fafutuka a kansa, suka koma 35, na majalisar wakilai kuma daga 30 zuwa 25. Ɗan shekara 36 da ya kwanta bai cika sharaɗi ba ya wayi gari ya cika, alhali ko gashi ɗaya bai sauya a kansa ba.

Inda kalmar ta fi tsabta a wurina shi ne filin wasa. Gasar cin kofin duniya ta farko, a Uruguwai a 1930, da gayyata aka je ta, ƙasashe 13. A ta 1934 masu so suka fi gurabe 16 da ake da su, sai aka shirya wasannin share fage, har mai masaukin baƙi Italiya sai da ta doke Girka da ci 4 da nema kafin ta shiga gasar da ake yi a gidanta. Nijeriya ta samu gurbinta na farko ne a watan Oktoban 1993, da kunnen doki 1 da 1 a Aljiyas, ƙwallon Finidi George. A nan an rubuta sharaɗin tun kafin a busa usur, kowa ya san shi, kuma a gaban jama'a ake cika shi. Masu sharhin wasanni a gidajen rediyonmu sun daɗe da samo wa wannan ma'ana Hausarta: samun gurbi, tsallakawa zagaye na gaba, yankar tikiti. Ba ka cika jin sun ce “cancanta” ba, kuma sun yi daidai, domin duk mai kallon ƙwallo ya san ƙungiya tana iya cancanta ta rasa gurbi.

Wannan bambanci da masu sharhin ƙwallo suka kiyaye shi nake roƙon masu fassarar labarai da takardun hukuma su kiyaye. Sau da yawa akan ji an ce kotu ta yanke cewa wane “ya cancanci” tsayawa takara, ko hukuma ta ce mutum dubu kaza ne “suka cancanci” tallafi. Cancanta a Hausa magana ce mai nauyi, hukunci ne a kan ƙimar mutum da halinsa. Kotu ba ta yanke wannan ba, abin da ta ce shi ne ya cika sharuɗɗan da doka ta gindaya. Tsohuwar da aka cire sunanta daga jerin tallafi don ba ta da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, in aka ce mata ba ta cancanta ba, an haɗa mata rashi da cin fuska, an kuma ɓoye mata cewa abin da ya hana ta takarda ce da za a iya nema, ko ƙa'ida ce da za a iya gyarawa. A ce “cika sharaɗi” inda sharaɗi ake nufi, “samun lasisi” ko “kammala horo” inda sana'a ake nufi, “ƙayyade” ko “togace” inda aka rage wa magana ƙarfi, a bar “cancanta” ga inda da gaske ake auna mutum. Kai kuma mai karatu, duk ranar da aka miƙo maka takardar yarjejeniya ko rahoto ka ga “qualified” a ciki, kada ka sa hannu sai ka duba kalmar da ke biye da ita: in mutum ne, nemi sharaɗin da ya cika da wanda ya kafa shi, in kuwa ra'ayi ne ko amincewa ko garanti, nemi abin da aka togace.